Butar Sule da bakin daji

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Sule, Allah ya jiƙansa. Na sha bugun ƙirji cewa duk Birnin Gwari ba wanda ya san shi kamar ni. Ko tari ya yi a Kazage, ina kasuwa zan faɗa maka abin da ya ci.

To, a shekarunsa na ƙarshe Sule ya canza. Ya bar sahun gaba ya koma bakin ƙofar masallaci. A gona, ana cikin noma sai ya ɗauki buta ya faɗa daji, ya dawo, ya sake komawa. A garinmu kuwa mai yawan shiga daji suna ɗaya gare shi: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Aka fara raɗa, har 'yan sa-kai suka zo tambaya. Na rantse musu saiwar magani yake haƙa, na ƙara da cewa ni na raka shi. Ban taɓa ganin saiwar ba. Shi kuma ya ci gaba da shiga dajinsa har zazzaɓi ya ɗauke shi.

Sai bana matarsa, Maman Auwalu, ta kira ni. An hana ɗansu aure, wai ɗan infoma ne. Ta ce tun bayan aikin basir Sule ya daina iya riƙe bayan gida. Ya gwammace a zarge shi da a yi masa dariya.

Na kai maganar wurin ƙanwata mai aikin jinya. Ta ce yanzu akwai wata 'yar na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fata a ƙugu, tana tsikarar jijiyar da ke kula da riƙon da ɗan lantarki kaɗan. Ana fara gwaji tukuna, ba kowa take yi wa aiki ba, kuma ba a nan kusa ake samu ba. Ni dai ban natsu ba. Batir a jikin mutum, har da rimot? Rimot ɗin a hannun wa zai kwana? Sule da ko rediyo ba ya yarda da ita! Na ji muryarsa sarai: "Tanko, ina tafe da buta an ce infoma, ina ga an same ni da waya a gindi?"

Na koma na shaida wa Maman Auwalu cewa ko kyauta ce, mijinta ba zai karɓa ba. Na san shi.

"Malam Tanko," ta ce, "da batirin mota ne ma zai goya, ya koma sahun gaba."

Da izininta nake rubuta wannan. Sule bai taɓa sayar da kowa ba, dangin yarinya su ji. Abin da ya bari shi ne kunya irin ta mutanen kirki, da ɗa mai neman aure.

Da zan fita na tambaye ta me ya sa bai gaya mini ba, ni amininsa.

"Ya ce in ka ji da safe, kafin la'asar an ji a Saminaka. Ai shi ya sa yanzu na kira ka."