Ragon Salman da jinin Mubarika

Mubarika ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne Shu'aibu mai gyaran babur bakin tashar Dogon Dutsi. Lakkwal ban wuce aji shida ba, in kun ga rubutuna ya karkace ku yi haƙuri, yau murna ce ta sa ni riƙe biro.

Kore Mairuwa aka haife mu. Tun tana ƙarama Mubarika ba ta yarda da "an ce". In ka ce mata gero ya bushe, sai ta sa haƙori ta ji da kanta. Da ta girma ta auri Salman mai shagon shinkafa, ta dawo nan gari, tana saida kwabton zogale, wato kwaɗo, ƙofar gida. Ma'aikatan meri, ofishin magajin gari, har layi suke mata da tsakar rana. Ɗiya uku gare ta.

Shi kuwa Salman, ku san shi. Mutum ne wanda in ya sayi sabon takalmi sai ya ajiye shi daidai ƙofar masallaci inda kowa zai tsallaka.

Bara waccan ta ji ƙullutu a nono. Asibitin garin nan ya tura mu Yamai, can aka ce ciwon daji ne. Aka yi aiki, aka shiga ƙarin ruwan nan da suke ce ma shimiyo. Gashinta ya zube, ta rame har zobe na faɗuwa daga yatsa. Salman sau ɗaya ya je dubiya, ya ɗauki hoton gadon da waya, ya komo.

Akwai wata lokotoro can, wato likita, Zalihatu, tana bincike da wasu abokan aikinta na ƙasar waje. Ta tambayi Mubarika in ta yarda a riƙa ɗibar jininta duk wata uku. Ni na ce, "Lokotoro, jinin da ya rage mata ke nan za ku kwashe?"

Ta yi dariya ta ce, "Malam Shu'aibu, in an sussuke gero an share wuri, ba ka ganin ɗan ƙaiƙayi a ƙasa? Ciwon ma haka yake zubar da ɓurɓushinshi cikin jini. Ido bai gani, hoto ma wani lokaci bai gani, amma na'ura na iya gani. In ɓurɓushin na raguwa, magani na ci. In yana ƙaruwa, sai mu sake duba ta."

Mubarika ta miƙa hannu tun kafin in sake buɗe baki.

Bayan wata shida ta dawo gida. Gashi ya fara tsirowa, ta koma cin tuwo sosai. Rezilta ta ƙarshe, wato sakamakon gwajin jinin, ba ta zo ba tukuna, an ce a jira. Salman dai bai iya jira. Ya sayo rago daga Kiyeshi, wani ƙato mai ƙaho murɗe, ya ɗaure shi bakin titi kwana biyu don masu wucewa su tambaya. Ran juma'a ya tashi gaban jama'a a masallaci ya ce iyalinshi ta warke sarai, kowa ya zo walima. Aka ci, aka sha, yana ta yawo cikin shadda yana karɓar barka kamar shi aka yi ma allurar.

Kwana tara bayan nan lokotoro ta kira wayata. Ɓurɓushin ya ɗan tashi. Ta ce a kawo ta a yi hoto, wataƙila a canza magani.

Na tarad da Salman shago, na gaya mishi. Kun san mi ya ce?

"Haba Yaya Shu'aibu! Mi zan ce ma mutanen da sunka ci nama?"

Na ce, "Ka ce musu su maido."

"Ba wasa nike ba. Na faɗa gaban liman ta warke. Wanda ya yi godiya ga Allah bai komawa asibiti, butulci ke nan. Kuma dube ta, lafiya lau take. Ba ta zuwa ko'ina."

Wai butulci. Kunyar ’yan kasuwa ce ta dame shi, ya naɗe ta cikin addini. Na ja shi har wurin limamin da ya ci cinyar ragon. Liman ya ce neman magani ba ya ɓata godiya. Salman ya ce to, to, muka fito, ya ce min ai liman bai fahimci zancen ba.

Da munka shiga gida, Mubarika na wankin zogale. Ta ji duk abin da aka yi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam," ta ce, "ran da aka ci ragon nan, kai ka ce ma mutane na warke, ko jinina ya ce?"

"Ke, ana magana ta mutunci..."

"Mutuncinka na nan, ba inda za shi. Ni za ni Yamai. Yaya, gobe mota ta ƙarfe nawa ke tashi?"

Da safe ni na ɗauke ta bisa babur zuwa tasha. Salman ya bi ta lungu ya tafi shago, kada a tambaye shi. Sati guda yana ce ma mutane ta tafi biki.

Hoto ya nuna ɗan abu ƙarami, wanda da an bari sai ya girma. Aka canza magani. Ta sha wuya, ba zan ɓoye ba, gashin ya sake tafiya. Wata uku, ɓurɓushi ya sauka. Jiya lokotoro ta kira, ina ƙarƙashin wani babur da sufana a hannu. Ta ce wannan karon na'ura ba ta ga komi ba. Na tashi na buga kai da ƙarfe ban ma ji ba.

Ta ce kada mu ce an gama, za a ci gaba da dubawa. Na ce, "Lokotoro, ni ba Salman ba ne."

Shi kuwa da ya ji, har ya fara tambayar kuɗin rago, wai wannan karon biyu zai yanka. Mubarika tana zuba ma wani ma'aikaci kwabto, ba ta ko dube shi ba.

"Malam, bar ragunan mutane su sha iska. Ina da randebu, lokotoro za ta sake duba ni bayan wata uku. In kana son a gan ka, zo ka raka ni tasha."