Toho Bakwai na Gorar Kakanmu

Ɗazu iska ya kaɗa wata ƙofar kwano, ta yi ƙiii, sai na ji kamar kukan gorar kakanmu. Haka take yi in sandunanta sun gogi juna. Ku da kunka tashi yanzu ba ku san an taɓa yin gora mai rai cikin gida a Badagishiri ba. To, an yi, kuma a gidanmu anka yi ta.

Daga kudu kakanmu ya kawo saiwarta, nannaɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, a bayan motar simintin Malbaza da ta dawo ba kaya. Abokansa sunka yi ta dariya: "Malam, gora a ƙasar duwatsun ga? Ka shuka kifi ma mana!" Ya gina rami a kusurwar danga, ya maida wurin alwalarsa nan. Sau biyar a rana tana shan ruwan butarsa. Kafin in yi wayo ta cunkushe wuri guda, ta fi zaure tsawo, masu dariya sun koma roƙon sanda.

Ba a share ganyen gindinta, ya ce bargonta ne. Ba a sarar sandar da ba ta ga damina uku ba. Toho kuwa, wanda ke hudo ƙasa kamar ƙahon maraƙi in ruwa ya zauna, ko yatsa bai yarda a kai ba. "Ɗiyanta ne," in ji shi.

Shekarar da fari ya tsananta, ƙafafunsa sunka riƙe, ya kwanta. Duk cikin jikoki ni ya zaɓa in riƙa kai wa gora ruwan da ya yi alwala a kwano. Kaina ya yi girma ƙwarai.

Sai dai ina da 'yar akuya, innata ta ba ni. Babu hakin kiwo ko'ina, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na fara kwashe mata ganyen gindin gorar. Da ɗan ruwa ya sauka, toho bakwai sunka fito. Na ɗaure ta nan, na ce inuwa kawai za ta sha. Na san abin da nake yi. Kafin azahar babu ko ɗaya.

Da la'asar ya kira ni. "Amaryata, ɗiyan gora nawa bana?"

"Bakwai, Kaka."

"Cikin wanga fari? Kai, ta fi ni ƙarfi! Ki tsare min su."

Kowace safiya sai ya tambaya, ni kuma ina ja musu tsawo da baki. Sun kai gwiwa. Sun kai ƙirji. Yana murmushi.

Da sanyi ya rasu. Baffannina sunka sare tsofaffin sandunan, anka ɗaure makara da su, yadda ya yi wasiyya. Gindi tsirara, ba ɗiya, ba mai alwala, rani ɗaya ya gama da gorar. Akuyar kuwa ta rayu, har tagwaye ta haifa.

Yau makarar masallacinmu ta ƙarfe ce. Kusurwar an dafe ta da siminti, nan jikana ke aje babur. Garin ga kowa ya san ba a ƙure ni da magana, amma wagga ban taɓa faɗa wa ko innata ba. Yanzu tawa ƙafar ta fara riƙewa. In jika ya shigo da labari mai daɗi ina kwance, sai in miƙa masa hannu in ce, "Ɗaga ni, in je in gani da idona."