Tsagar Sojan da ke Jikin Bango

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da na ƙi taɓa fuskar wani soja a Al Karama ba.

Lokacin ina aikin fenti a Dubai, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Kamfaninmu ya tura ni wani gidan abinci na 'yan Italiya a unguwar Al Karama, wanda wata tsohuwa da ɗanta suke riƙe da shi. A bangon ciki an kafa wasu tsofaffin allunan katako masu zane. Mahaifin tsohuwar ne ya zana su sa'ad da yake fursunan yaƙi a Habasha, zamanin yaƙin duniya na biyu. Da su ya ƙawata shagonsa na farko a ƙasarsu, da iyalin suka yi ƙaura kuma suka taho da abinsu.

Ɗan ya nuna mini zanen wani baƙin soja mai jar hula yana miƙa wa fursuna kwano. Ya ce, "Fuskar nan duk ta tsattsage. Yalla, maza cike ta, gobe muna da baƙi."

Ina matsawa kusa sai na gane abin da ke fuskar. Na ce, "Maigida, wannan ba katako ne ya tsage ba. Tsagar Gobirawa ce, irin ta kakata."

Ya yi dariya, wai in da gangan aka yi, me ya hana kumatun biyu su zo daidai? Ya ce in ba zan iya ba, zai kira kamfani a turo wani. Na san abin da wannan kiran zai yi wa bizata, kuma na ji tsoro, amma na ajiye burushi.

Hayaniyarmu ce ta fito da tsohuwar daga kicin. Na juya wa zanen baya, na ce, "Mama, ban ƙirga ba, ke ki ƙirga. Shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan."

Ta sa tabarau tana bin layukan da yatsa. Da ta kai na ƙarshe sai ta nemi kujera, hawaye na zuba. Ta ce sojan nan ne ya riƙa raba abincinsa da mahaifinta har ya rayu, kuma tsohon ya rasu da baƙin cikin bai san daga ina mutumin ya fito ba. Na rubuta mata "Gobir" a bayan takardar jerin abinci. Ɗan ya mayar da wayarsa aljihu, ya fasa kiran kamfani.

Ranar na koyi cewa ba duk abin da ya yi kama da ɓarna ne ke neman gyara ba. Har yau ba na shafe komai a bangon mutane sai na tambayi wanda ya bar shi, da dalilinsa.