Goggon Asibiti, Wadda 'Yata Ta Fi So Ta Taɓa Ta

Kafin masu shara su gama goge barandar bene, ita ta riga ta iso. Takan tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta sa farar rigar nan da aljihunta ya sha tawadar biro, ta wuce wurin manyan firizan da ke gurnani a lungu, ta duba ko sanyinsu na nan yadda ta bar shi jiya. A cikinsu ƙananan kwalabe ne jere, na jini da na yawu da na ɗan abin da aka goga daga fatar yara, kowace da lambarta. Sai ta wanke hannu, ta tsaya tana murza tafukanta har su yi ɗumi. Daga nan ta buɗe ƙofa, ta leƙo bencin da muke zaune, mu iyaye mata da 'ya'yanmu masu soshe-soshe, ta ce, "To, yau wa ya fi kowa jarumta? Shi zan fara gani."

Ba ita ce likitar da ke rubuta magani ba. Mai bincike ce. Aikinta ta gano abin da ke sa garkuwar jikin yaro ta juya wa fatarsa baya, da yadda sinadaran da jiki ke fitarwa in an tsorata ko an gaji suke ƙara hura wutar ƙaiƙayi. Yara ne suka sa mata suna Goggon Asibiti, sunan ya bi ta har manyan likitoci suna kiranta da shi. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ce ba za ta tafi shiru ba, ni zan yi mata jinjina, kuma zan yi ta da gaskiya. Gaskiyar kuwa ita ce ina kishin matar nan.

'Yata shekararta huɗu. Babanta ya sa mata Rediyo, don in ta buɗe baki da safe ba ta rufewa sai barci ya ɗauke ta. Tun tana rarrafe fatarta ke bushewa, ta tsage, ta yi ruwa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. In ciwon ya taso rediyon yakan mutu, sai ƙarar farce a kan fata. Ni ce mai yanke farcen. Ni ce mai riƙe hannu in ce, "Daina susa." Ni ce mai wankan da ke sa ta ihu har maƙwabta su leƙo. Ya kai in na nufo ta da robar mai, sai ta ruga bayan kujera.

Likita ne ya tambaye mu ko za mu yarda a sa ta cikin binciken Goggo. Aka yi mana bayani, na yi tambayoyina har nas ta fara duba agogo, sannan na sa hannu. Sharaɗi ɗaya ne ya yi mini nauyi: ranar awo ba a shafa wa yaro mai daga gida, don a ga fatar yadda take. Ku duba mini wannan rabo. Da safe yarinya tana kuka, fata na jan ta, ni uwarta in ce babu mai yau. Mu shiga mota tana mutsu-mutsu a cinyata. Mu isa, Goggo ta ɗauki hoto, ta ɗora ɗan abin awonta a fata, ta sa ta tofa yawu a kwalba, sannan ta buɗe roba ta shafe ta tun daga wuya har idon sawu, a hankali, tana tambayarta labarin kyanwar maƙwabta. Nan take rediyo ya kama tasha. Ni na hana, ita ta bayar. Wa kuke gani yarinya za ta so?

A gida kuwa ba a magana. "Goggo ba haka take yi ba." "Hannunki ƙaya ne da shi." Wata rana tana wasa da 'yar tsanarta na ji tana cewa, "Yi shiru, gobe zan kai ki wurin Goggo, ba wurin Mama ba." Babanta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "An yi miki juyin mulki kina zaune." Ni ban ga abin dariya ba.

Kishin ne ma ya sa na ce wa ƙanena, da ke jami'a, ya nemo mini ko wace ce wannan mata. Ya buga sunanta a kwamfuta, sai ga jerin takardun bincike, yana ja ƙasa suna ta fitowa. Ta farkon tun ba a haife ni ba. Ya riƙa fassara mini kanunsu: wannan kan ƙaiƙayin yara, wannan kan ƙwayoyin garkuwar jiki da ke taruwa a fata, wancan kan abin da ke sa ciwon wasu 'yan mata ya canza in sun balaga, wani kan mata masu ciki. Na lura a jerin marubuta sunanta ya cika zama a tsakiya, wasu a gabanta, wasu a bayanta. Ƙanena ya ce, "Yaya, a wannan harka na farko da na ƙarshe ake gani. Na tsakiya su ne masu wanke kwalabe." Daga baya wata ɗalibarta ta gaya mini sau da yawa ita ke matsawa da kanta, ta ce a sa ɗalibi a gaba, shi ke neman aiki.

A wata takarda ta kwanan nan na ga hoto. Babu fuska, babu suna, lanƙwasar hannu ce kawai. Amma akwai ɗan baƙin tabo gefen gwiwar hannun, wanda na sha sumbata. Hannun 'yata ne. An gaya mini za a yi haka, na kuma yarda, duk da haka na daɗe ina kallonsa. A ƙarƙashin hoton an bayyana fatar dalla-dalla, kaurinta, jan da ta yi, inda ta fara warkewa. Wato matar nan ta san hannun da na haifa fiye da ni, har mutanen da ban taɓa gani ba suna karantawa daga bakinta.

Ban gaya wa Goggo kishina ba. Ita ta gani. Wata ranar awo, Rediyo ta ƙwace daga hannuna tun a baranda ta faɗa jikinta, ni kuma na tsaya riƙe da jaka kamar 'yar rakiya. Goggo ta kalle ni ta saman tabarau. Da aka gama awo ta buɗe robar mai, sai ta miƙo mini.

"'Yata, zo ki shafa."

Rediyo ta ce, "A'a! Ke nake so!"

"Hannuna ya yi ritaya kafin ni," in ji Goggo. Ta tura hannuwanta cikin aljihu, ta juya tana kallon firiza kamar yau ta fara ganinsa.

Ranar duk benen ya ji muryar 'yata. Ta yi shure-shure, ta kira ni muguwa, ta kira Goggo maƙaryaciya. Ni ina shafawa, hawaye na ɗiga cikin man. Ba tare da ta juyo ba Goggo ta ce, "Sauri kike yi, so kike ki gama ta daina jin zafi. Ita kuma saurin take ji. Ki bi gashin fatar, kar ki murza. Ki numfasa. Tambaye ta kyanwa ta haihu?"

Na ce cikin shesheƙa, "Kyanwa ta haihu?"

"Ban sani ba!" in ji Rediyo.

Haka muka yi a zuwa na gaba, da na bayansa. Yarinya ta ɗauki gaba da Goggo. In mun shiga ta juya ƙeya, in an ba ta kwalbar yawu ta tofa da fushi. Ta ce wa nas, "Ki gaya mata ba na yi da ita." Goggo ta ce, "Ki gaya mata na ji." Ɗalibar nan ta ce mini, "Maman Rediyo, kin san shafa man nan shi ta fi so a duk aikin? Shekara da shekaru tana cewa shi ne albashinta. Ranar da ta fara ba ki robar, ko abincin rana ba ta ci ba." Ba a kaina ta tsaya ba. Ta zauna da abokan aikinta aka canza tsarin, yanzu kowace uwa ita ke shafa wa ɗanta bayan awo. A takardarta ta ƙarshe layi ɗaya ne ya faɗi haka, a sashen da ƙanena ya ce ba kowa ke karantawa ba.

Goggo, ke ce kika samu soyayyar yarinya a tafin hannunki, kika ajiye ta da gangan. Ke ce kika yarda ƙaramar yarinya ta harare ki wata da watanni don uwarta ta samu wuri. Ban san ko ni zan iya ba. Mai hannun ɗumi, uwar masu soshe-soshe, na ga takardunki, ban fahimci rabinsu ba, amma na san kowane hoto a ciki ɗan wata ne, kuma kin riƙe shi kamar naki.

Fatar Rediyo ba ta warke sarai ba, kar in yi muku ƙarya. Goggo ma ba ta taɓa yi mini alkawarin haka ba. Amma makon jiya, bayan wanka, ina ninke tawul sai na ji ana jan zanina. Ita ce, ɗauke da roba da hannu biyu.

"Mama, ki shafa."

Na zauna a ƙasa, na ɗora ta a cinya, na fara daga wuya. Ba ta motsa ba. Tana ta zuba, labarin wata yarinya a ajinsu da ta haɗiye maɓalli. Da na kai bayan gwiwa ta ce, "Kin fara iyawa. Amma Goggo ta fi ki."

Na ce, "Na sani."

"Ki kai ni in ce mata mun shirya."

Zan kai ta, Goggo. Zan tsaya a bakin ƙofa ina kallo tana rungume ki, zuciyata kuma za ta yi abin da ta saba. Na gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa ɗalibanki su ɗauki halinki kafin su ɗauki kujerarki. Ku kuma masu aiki da 'ya'yan mutane, malamai da nas-nas da masu bincike, ku yi koyi da ita: in yaro ya so ku, ku waiga ku ga wa ke tsaye a bayansa riƙe da jaka.

Kishin dai yana nan, ban yi alkawarin dainawa ba. Amma yau da safe ni na shafa mata.