Malam Haladu ya tafi, ɗakin karatu yana kulle

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya riske ni ina zaune a ofishina, ni Farfesa Dakta Alhaji, Babban Mai Duba Ɗakunan Karatu na Yammacin Kano baki ɗaya. Malam Haladu, mai kula da ɗakin karatun garinmu, ya rasu bayan sallar asuba.

Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya. In fita, in dawo, in sake fita.

A matsayina na wanda ya zaga ɗakunan karatu daga Gwarzo har Kabo, ina shaida muku ban ga kamar nasa ba. Ba wani babba ba ne, ɗaki ne dogo guda ɗaya da baranda. Amma tagoginsa can sama suke dab da rufi, haske ya sauko wa mutum a kan takarda, iska ta ratsa, kuma ba ka ganin masu wucewa balle hankalinka ya bi su. Malam ne ya tsaya a kan magina sai da suka ɗaga su.

Gefe guda kujeru, gefe guda tabarmi. Ya ce akwai mutanen da in ka ɗora su a kujera karatunsu zubewa yake yi. Littattafan ajami kuwa a kantar ƙasa ya jera su, daidai hannun wanda ke zaune a tabarma.

Da aka sa sola, samari suka cika wurin da cajin waya. Bai kori kowa ba. Doka ɗaya ya kafa: in wayarka na caji, littafi na hannunka.

"Tana ci, kai ma kana ci," haka yake cewa.

Akwai wani ɗan acaba da na sani, Sagiru, wanda ake wa laƙabi da Ba-Birki. Marar jin magana ne na ƙarshe. Allo kawai ya yi, bai san ko harafi ɗaya na boko ba, don haka kullum littafin taswira yake ɗauka saboda launi ya fi yawa a ciki, ya riƙe yana gyaɗa kai kamar mai fahimta.

Malam ya gane. Bai tona shi a gaban mutane ba. Sai da wuri ya yi sauƙi ya zo ya zauna kusa da shi a tabarma, ya ɗora yatsa a kan taswirar ya ce, "Nan Kano. Wannan mai ƙafa biyu a gaba shi ne harafin kaf na 'yan boko. Nemo min wani garin da ya fara da shi."

Daga sunayen garuruwa yaron ya koyi boko.

Sakayyar da ya yi masa ita ce tsokana. Sai ya ari wayar wani, ya toshe hanci, ya kira: "Daga hedikwata ake magana, gobe muna tafe duba aiki."

Malam ya ce, "To, ranka ya daɗe. In kun taso a rage gudu a kwanar kasuwa."

Makon jiya Sagiru ya goya shi zuwa Gammo, inda wasu samari ke son mayar da wani tsohon shago wurin karatu. Malam ya auna bango da taƙi, ya nuna sama ya ce, "Nan za ku fasa taga. In kuka yi ta ƙasa, akuya ce za ta fi kowa karatu." Aka yi ta dariya.

A hanyar dawowa ya riƙe kafaɗar yaron da ƙarfi, abin da bai saba ba. Ya ce, "Sagiru, ɗaki in ya kwana biyu a kulle, sai wani ya tuna yana da buhunan da ba shi da wurin ajiyewa."

Yaron ya ce, "Malam, kai da za ka binne mu duka."



Yau bayan an dawo daga maƙabarta na bi ta wurin. Kwaɗo a ƙofa. Madam Rifkatu, malamar sakandare da ke kawo 'yan matan da za su zauna jarrabawa, tana tsaye a baranda da su, kowacce rungume da littafinta. Baba Audu da ake karanta wa jarida kullum yana zaune a inda ya saba.

Ta baya kuma na tarar da mutum biyu suna auna tsawon ɗakin da ƙafa. Da kunnena na ji ɗaya yana cewa wurin na shan iska, taki ba zai lalace a ciki ba.

Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Abin da ya hana ni zama ke nan. Mukulli yana hannun iyalansa, kuma sun ce sai dattawan da suka gina ɗakin sun yi magana. Madam Rifkatu ta ce za ta riƙe yamma bayan an tashi makaranta. Safiya ma an samu mai riƙewa. Saboda haka, daga wannan babban ofishi, ina ba da umarni a buɗe ɗakin nan gobe, kafin buhun farko ya iso.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya taɓa cajin waya a wurinsa, ko ya sha inuwar barandar nan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya kuma tura wannan har ya kai ga dattawan.

Sai magana ta ƙarshe. Babu wani Farfesa, babu ofis. A kan babur nake zaune, a gindin barandar. Ni ne Sagiru Ba-Birki. Na san in na fara da sunana, dariya za ku yi ku wuce, ku ce wata tsokanar ce.

Wannan karon ba ita ba ce. Ni ne mai riƙe safiyar, in an yarda da ni. Gobe da hantsi ina bakin ƙofa.