Jakar Hagu ta Baba Abakar

Da safiyar nan labarin ya riske ni, ina tsugune a gindin tarakta da sifana a hannu. Baba Abakar baduku ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sai da na zauna a kan laka.

'Yarsa Hawwa ce ta kira ni daga Gadarif. Ta ce ya yi sallar asuba, ya ce kansa na ɗan sara masa, ya kishingiɗa, shi ke nan. Sannan ta ce, "Yaya Idi, ka san saƙon Baba."

Na sani mana. Likkafaninsa yana ƙauyenmu, can hanyar Simsim, a cikin akwatin yayarsa Hajja Zainaba. Kwana biyu ana sheƙa ruwa. Duk wanda ya san baƙar lakar ƙasar nan ya san babu motar da za ta fita yau. Ni aka bar wa in kai masa shi, a bushe, kafin a sa shi a ƙasa.

Yanzu na dawo daga maƙabarta, lakar ma ba ta gama bushewa a ƙafata ba. Amma ba zan iya yin shiru ba. Da yawanku kun san tsohon babur ɗina, kun sha yi wa jakunkunansa dariya, ba ku san wanda ya ɗinka su ba.

Ni makaniken tarakta ne, gona-gona nake bi. Babur ɗin nan kuwa ya girmi babbar 'yata. Da, a buhu nake ƙunsa kayan aiki in ɗaure a baya da igiya, kullum sai wani abu ya zube. Rannan na ga hoton wani babur a waya, jakunkuna biyu na fata, baƙaƙe wul, tsawonsu ɗaya, ga ƙusoshi suna ƙyalli. Na ce ni ma irinsu nake so.

Aka kwatanta mini rumfar Baba Abakar a layin dukawa, cikin kasuwar Gadarif.

Na same shi a kan buzu, da basilla a hannu, ga jabana, butar gahawa, tana tururi a gefe. Ko gama gaisawa ban yi ba na miƙa masa waya, na ce irin wannan, kuma jibi nake so. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya zuba mini gahawa. Ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Ashe ya san mahaifina.

Tun ranar ya raɗa mini Gaggawa. Har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini Idi ba.

Ya ce hoton yana da kyau, amma mai wannan babur bai taɓa bin hanyar Fashaga ba. Ya ce in hau in zaga gari sai injin ya yi zafi sosai, sannan in dawo da duk ƙarafan da nake yawo da su. Na tafi ina ƙunƙuni. Jaka na zo saya, an aike ni yawo.

Da na dawo ya hana ni sauka. Ya sa aka aro rabin buhun dawa wajen maƙwabcinsa aka ɗora a baya, ya ce in yi ta tsalle a kan sirdi. Ni da gemuna, a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo. Shi kuwa yana durƙushe yana duban yadda bayan babur ɗin ke nutsewa. Sifirin ɗin tayar baya ya tsufa, ya saki. Ya kai hannunsa kusa da salansa, ya janye, ya sake kaiwa, har ya sami wurin da zafin ba ya cizo. Nan ya yi alama da alli.

Ya ce, "Ba a auna jaki yana hutawa. Sai an ɗora masa kaya."

Kakansa mangalar jakuna yake ɗinka wa matafiya, shi ya koya wa ubansa, uban ya koya masa.

Wajen zaɓen fata ma sai da muka ja. Ni ina son wata mai laushi mai sheƙi. Ya ce ta akuya ce, ta yi kyau da gafaka, amma sifana za ta huda ta kafin kaka. Ya jawo wani ƙirgin sa mai kauri, jimar bagaruwa, mummuna da shi, ya lanƙwasa ya nuna mini bai tsage ba. Ya ce in shinshina. Na shinshina, ni dai wari na ji.

Jibin da na ce ya zama kwana goma sha biyu.

Ranar ɗaurawa sai na ga abin da ya ɓata mini rai. Jakar dama ta fi ta hagu gajarta da yatsu huɗu. Na ce Baba an yi kuskure. Ya ce ba kuskure, salansa a dama take, dole jakar ta ba ta wuri. Ya sa wani ƙarfe da maƙeri ya lanƙwasa masa a kowane gefe don kada jaka ta shiga taya. Madaurin ya bi da shi ta ƙarƙashin sirdi, ya huda rami ɗaya tak, ya ce nan ne wurinsa, kada in taɓa.

Kun dai san mutanen teburin shayi. Ranar farko suka ce jakin Idi gurgu ne. Wani ya ce fatar ce ta ƙare wa tsohon. Raina ya sosu, ni kuwa ba na iya haɗiye dariyar mutane. Na koma gida na ɗauki ƙusa na huda sabon rami, na sassauta ta dama har ta yi daidai da 'yar uwarta. Na ja da baya na duba, na ce yauwa, yanzu aka yi babur.

Ko Fashaga ban kai ba na fara jin ƙauri.

Gindin jakar ya kwanta a kan salansa ya ƙone, ya huje. Sifanoni uku na shuka a hanya, har yau ba su tsiro ba.

Sai da na yi mako ina kewaye layin dukawa saboda kunya. Ranar da na daure na je, kafin in buɗe baki ya ce, "Gaggawa, tun kana bakin kasuwa na ji ƙaurinka." Ya yanko fata ya yi faci, ya mayar da madaurin raminsa, ya cushe nawa ramin da ɗinki don kada shaiɗan ya sake raya mini. Facin yana nan, kuna iya dubawa.

Daga nan rumfarsa ta zama masaukina. In na shigo gari, nan nake sallar azahar. In ya ga fatar ta bushe, da kansa yake shafa mata man riɗi, yana yi mini faɗa cewa ina kula da taraktar mutane na bar dabbata da ƙishirwa. Da 'yata ta sauke Alƙur'ani, ya ɗinka mata gafaka da irin fatar akuyar nan da ya hana ni, ya ce ga inda ta dace.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Shi ya aika a kira ni, abin da bai taɓa yi ba.

Na same shi ya rame, idonsa ya yi rauni, da yatsa yake laluben ramin basilla. Ya ce in kwance masa jakar hagu. Na ce lafiyarta ƙalau. Ya ce ya sani.

Wuni guda ya yi a kanta. Ya bi kowane ɗinki da kakin zuma. Ya ƙara mata wani dogon baki na fata mai laushi daga ciki, wanda ake naɗewa sau uku a ɗaure kafin a rufe murfin waje. Ya yi mata shafi don kada maiƙon sarƙa ya ratso. Na ce Baba, duk wannan don sifana? Sai ya ajiye basilla.

Ya ce da Hajja Zainaba ta je aikin hajji, ta sayo masa farin yadi, ta tsoma a ruwan Zamzam, ta shanya a can. Amma ta ƙi ba shi. Ta ce ita ce babba, ba za ta miƙa wa ƙaninta likkafani da hannunta yana raye ba, kamar tana yi masa kiran mutuwa. Ya yi lallashi har ya gaji.

Sannan ya ce, "Kakana ya taso daga yamma zai je Makka, ya tsaya nan. Ubana ya ce zai ƙarasa masa, bai ƙarasa ba. Ni ma ga ni. To tunda ban je ba, ko ƙyallen da ya je ya rufe ni."

Ya ce in da rani ne, mota za ta kawo. In da damina ne, ni ne.

Na mai da abin wasa, na ce sai ya ga jikokin Hawwa. Ya yi murmushi ya ce in dai riƙe, kuma ranar kada in yi halina.

To yau ranar ta zo.

Na sami Hajja Zainaba ta riga ta buɗe akwatin, tana zaune da yadin a cinya. Ba ta kuka. Na nemi leda, waɗanda ke gidan duk na albasa ne da man girki, ta ce ba za a sa shi ciki ba. Ta naɗe shi a mayafinta mai tsabta. Na zazzage ƙarafana a tsakar gidanta, na goge jakar, na sa shi, na naɗe bakin sau uku yadda ya nuna mini.

Da zan tayar da babur, ta ce, "Ka ce masa na ba shi."

Hanyar nan ba zan iya kwatanta muku ita ba. Laka tana cika tsakanin taya da murfinta har tayar ta ƙi juyawa, in sauka in ƙwaƙule da itace, in yi gaba kaɗan, ta sake cikawa. Wani wurin hawa, wani wurin turi. Ga yayyafi bai tsaya ba. Hawwa ta kira ta ce an gama haƙa kabari. Ta sake kira ta ce an yi masa wanka, liman yana cewa ba a son jinkirta mamaci, mijinta ma ya sayo sabon yadi a kasuwa ko da za a buƙata. Ban ga laifinsu ba, gaskiya suka faɗa. Ta ce ta roƙe su su ba ta zuwa kiran la'asar, sun yarda, amma ban da bayan haka.

Nan fa halin nawa ya motsa.

Akwai wata ƙorama da ya kamata in sauka in gwada zurfinta da ƙafa. Ban sauka ba, na murɗa na afka. Tayar gaba ta zame, babur ya kwanta a ruwa, kuma a gefen hagu. Ina ganin jakar ta nutse gaba ɗaya. Ban san da wane ƙarfi na ɗaga shi ba. Na tura shi gaɓa, ruwa na zuba daga murfin jakar, na tsaya ina kallonta.

Na kasa buɗewa. Tsoro nake ji. Na ce in baƙin ruwan nan ya shiga, me zan ce wa Hajja, me zan ce wa Hawwa? Mutum ya roƙe ni abu ɗaya a duniya, ya ma gaya mini inda zan ɓata shi. Na yi kuka a bakin ƙoramar nan, ba na jin kunyar faɗa.

Da ƙyar injin ya tashi. Sauran hanyar a hankali na bi ta.

Na isa ƙofar gidan, ladan yana gyaran murya zai kira la'asar. Mutane sun cika layin, dukawa duk sun rufe rumfuna. Aka buɗa mini hanya. Na durƙusa, hannuna duk laka, na ce wa liman shi ya buɗe, ni ba zan iya ba.

Ya ɗaga murfi, ruwa ya tsiyaye. Ya kwance ɗaurin, ya warware naɗi na ɗaya, na biyu, na uku. Ya zura hannu ya jawo mayafin Hajja, ya buɗe.

Fari tas. Ko ɗigo bai taɓa shi ba, sai ƙamshin kakin zuma.

Wani tsohon baduku da ke tsaye kusa da ni ya shafa ɗinkin da yatsa, ya ce, "Aikin Abakar ke nan." Daga cikin gida na ji muryar Hawwa ta fashe da kuka.

Kafin a rufe fuskarsa na sunkuya na isar da saƙon Hajja. Na ce Baba, ta ce ta ba ka.

Kada kowa ya yaba mini. Ni faɗuwa na yi da shi a ruwa. Ɗinkinsa ne ya kai masa.

Ya Allah, ga bawanka Abakar ya zo maka a cikin ƙyallen da ya je ɗakinka. Ka rubuta masa ladan tafiyar da shi da ubansa da kakansa suka yi niyya. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi. Ka ba Hawwa da Hajja Zainaba haƙurin rashinsa. Mu da muka saura, ka sa mu cika da imani.

'Yan uwa, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. In kuma kun gamu da tsohon babur a hanyar Simsim, jakarsa ta dama ta fi ta hagu gajarta, ku yi dariyarku, ba zan ji haushi ba. Amma in kun gama, ku ce Allah ya jiƙan Baba Abakar.