Jinin da Na Ɗauka na Wata Ne

Assalamu alaikum. Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye bayan Keita, ni mace ce mai yawan shiru, na fi sabawa da littafi da kallon duwatsu da marece bisa hira da mutane. Mijina ya tafi biɗar kuɗi Abijan, iyayena suna Madawa. Ina zaune a ɗaki guda gidan wata tsohuwa mai 'yan awaki, ina kiranta Inna.

A wani awo da aka yi wa mata aka ga tabo a bakin mahaifata, irin wanda kan zama sankara in an bar shi. Aka ce in je Tawa a kankare shi. Ungozomar da ta yi awon ta ja mini kunne in zo da zarar na yi wankan tsarki, don a lokacin wurin bai cika zubar da jini ba, kuma miki zai samu kwanakin warkewa kafin wata al'adar. Na ce to. Amma zuwa a lokacin yana nufin in tsaya gaban direktan lakol, wato shugaban makarantarmu, namiji, in faɗi abin da zai kai ni likitar mata. Kunya ta hana ni. Sai na jira hutu, wanda ya faɗo dab da al'adata. Da na je Tawa ma'aikatan suka tambaye ni, na ce ban daɗe da yin wanka ba, aka kankare tabon.

Na dawo ni kaɗai cikin motar kasuwa. Da jini ya ɓalle ban tsorata ba, ai lokacinsa ne. Na naɗe tabarmar salla na jingine. Kwanaki suka wuce yana ƙaruwa, har da gudaji, ina wanke tsummoki a ɓoye, ina shanyawa cikin ɗaki. In na miƙe sai bango ya juya. Ba wanda zan tambaya, sai in kwanta ina sauraren kukan awaki.

Butata ce ta tone ni. Wata safiya Inna ta leƙo tana tsokanata, wai Madam ta yi sallama da salla ne, ga buta har ta yi ƙura. Da ta ga fuskata sai dariyar ta ɗauke. Ta buɗe idona da yatsa, ta ce ɗiyata, wannan ba jinin wata ba ne. Ita ta nemo mota, ta riƙe kaina bisa cinyarta har gidan likita. Mikin ne ke zuba. Sai da aka ƙara mini jini.

'Yan'uwana mata, ku faɗi gaskiyar kwanakinku, ku je ranar da aka ce. Jinin da ya wuce wanda kuka saba, kada ku zauna da shi cikin ɗaki. Direktan da na ji kunya, matarsa ce ta riƙa kawo mini kunu har na miƙe, kuma shi bai taɓa tambayata me ya same ni ba.